Daga Alƙalami Zuwa Akwatin Talabijin: Waiwaye a Kan Zambo da Habaicin Siyasa a Adabin Hausa

1.0 Gabatarwa

Abin da ya haifar da wannan maƙala wata gardama ce da na tarar a garin Salka, cikin Ƙaramar Hukumar Magama ta Jihar Neja, lokacin da aiki ya kai ni duba ɗalibanmu masu gwajin koyarwa. Salka gari ne na Kambari, yamma da Kontagora, a ƙarƙashin masarautar Sarkin Sudan. Hausa ita ce harshen kasuwa da tasha da hulɗa da baƙi, amma idan aka shiga gida sai a koma harshen Kambari. Da daddare mai masaukina ya ja ni rumfar wani mai shayi, inda ake tayar da janareta a kalli shirin Kwana Casa'in na tashar Arewa24. Duk lokacin da Gwamna Bawa Maikada ya buɗe baki sai rumfar ta kaure da dariya da tsaki. Da aka tashi, wani dattijo, tsohon malamin firamare wanda ya yi ƙuruciyarsa a zamanin NEPU, ya ce shi bai ga abin yabo a ciki ba. A zamaninsu, in ji shi, waƙa guda kan kai mutum gidan yari, wannan kuwa wasa ne da kowa zai kalla ya tafi ya kwanta, har shi wanda aka yi dominsa. Wani saurayi ya mayar masa da cewa waɗancan waƙoƙi yau ko a makaranta sai an tilasta wa mutum yake karanta su.

Kowannensu ya faɗi wani ɓangare na gaskiya. Maƙalar za ta bi tarihin zambo da habaicin siyasa a Hausa tana riƙe da tambayoyi biyu: wa ake nufa da kibiyar, kuma me harbin yake jawo wa maharbin? Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, wasan talabijin bai fito daga tsatson waƙar NEPU ba. Kakansa shi ne ba'ar nan da Bahaushe ya daɗe yana yi da iznin mai mulki, a cikin gidan mai mulki. Idan aka gane haka, za a daina neman wasan da abin da ba a haife shi dominsa ba, sa'an nan a ga ainihin inda laifinsa yake.

2.0 Tushe Biyu

Manazarta adabin baka sun bambanta zambo da habaici. Zambo muzantawa ce kai tsaye, inda ake siffanta mutum da munanan kamanni ko halaye yadda kowa zai shaida shi ko da ba a kama suna ba. Gagarabadau ta Alhaji Mamman Shata ta isa misali. Habaici kuwa magana ce a kaikaice, wadda mai ita zai iya rantsewa cewa ba da kowa yake ba. Ƙarfinsa yana ga mai sauraro, domin shi ne zai ƙarasa aikin, ya ɗora maganar a kan wanda ta dace da shi. Shi ya sa Hausawa ke cewa kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, mai kaza a aljihu kuma ba ya jimirin as.

Tushe na farko shi ne na fada. Makaɗan fada gwanaye ne wajen zambo, amma kibiyarsu ba ta juyowa wajen sarki. 'Yan uwansa masu jiran gado da hakiman da suka yi masa tsaurin ido su ne abin harbi. Akwai kuma wawan sarki, wanda yake faɗin abin da waziri ba ya iya faɗi, saboda an riga an sa masa suna wawa. A wasan gauta matan fada kan kwaikwayi sarki da fadawansa, tafiyarsu da maganarsu da hukuncinsu, sarki yana kallo. A kalankuwa samari kan raba wa kansu muƙamai bayan kaka, wannan gwamna, wancan alƙali, su yi mulkin 'yan kwanaki. 'Yan kama kuma, waɗanda Gidley (1967) ya yi nazarinsu, kan ari muryar malami mai wa'azi su yi ta jawo ayoyin tuwo da miya. Duk waɗannan suna da lokaci da fili da iyaka, kuma da an tashi kowa ya koma matsayinsa.

Tushe na biyu na malamai ne, kuma ba ya neman izni. Abdullahi ɗan Fodiyo ya bar rundunar jihadi a 1807 ya nufi gabas, har Kanawa suka tsayar da shi. A cikin Tazyinul Waraƙati ya bar waƙar Larabci da ya soki abokan tafiyarsa da ita, saboda sun karkata ga tara dukiya da ƙwaraƙwarai da dawaki. Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi, wanda Turawa suka naɗa a 1903, ya cika waƙoƙinsa da habaici ga masu sabon mulki da 'yan korensu, kuma a ƙarshe tuɓe shi aka yi aka kai shi Lakwaja, can ya rasu.

Abubakar Imam ya faɗo tsakanin tushen biyu, kuma ya dace a tsaya kansa, tun da ɗan wannan yanki ne, an haife shi a Kagara a 1911. Ruwan Bagaja, wanda ya fito daga gasar 1933, cike yake da ba'a ga alƙalai da malaman tsibbu da masu kwaɗayi, irin ba'ar da ke cikin Muƙamatul Hariri da malamanmu suka saba karantawa. Amma a lura da Magana Jari Ce: Sarki Abdurrahman adali ne, mugun shi ne waziri. Imam ma'aikacin Hukumar Talifi ne a Zariya, littattafansa kuma don makarantun gwamnati da na En'e aka buga su. Ba'arsa tana kaiwa har bakin karaga, ta ja birki. Wannan ba aibu ba ne ga gwanintarsa. Na kawo shi ne domin a nan aka fara ganin siffar da talabijin zai ɗauka daga baya, wato hukuma ta ɗauki nauyin mai ba'a, shi kuma ya san inda zai tsaya.

3.0 Zamanin NEPU da NPC

An kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, Jam'iyyar Mutanen Arewa kuma ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa, wato NPC, a 1951. Daga nan har juyin mulkin 1966 rubutacciyar waƙar Hausa ta yi aikin da ba ta taɓa yi ba. Kafin wannan ma an ga alamu. Malam Aminu Kano tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna yake rubuta wasannin kwaikwayo na suka, irin su Kai Wane Ne a Kasuwar Kano da Ba Za a Cuce Ka Ba. Malam Sa'adu Zungur kuma, a cikin Arewa Jumhuriya ko Mulukiya, ya fuskanci sarakuna da kansu, ya kafa musu misali da abin da ya sami sarakunan Indiya bayan 1947, ya ce ko su gyara ko guguwar ta tafi da su. Gaskiya ne waƙar ta fi kusa da gargaɗi bisa ga zambo, kuma Sa'adu gyaran sarauta yake nema. Alhaji Mudi Sipikin ne ya mayar masa da martani da Arewa Jumhuriya Kawai. Abin lura dai shi ne, talaka mai alƙalami ya kira masu rawani ya yi musu magana ido da ido, da sunansa a ƙarshen waƙa.

Mawaƙan jam'iyya da suka biyo baya, irin su Gambo Hawaja na Jos da Alhaji Aƙilu Aliyu, ba su tsaya ga gargaɗi ba. Sun kama hakimi da dagaci da alƙali da ɗan doka da mai karɓar haraji da jangali, suka mayar da su abin dariya. Yadda waƙar take tafiya shi ne sirrin ƙarfinta. Mutum ɗaya ne zai rubuta ta, da ajami ko da boko, a buga ta a 'yar takarda ko a kwafa da hannu, a rera ta a wajen lacca, mutane su ɗauki amshi. Kafin mako ya zagayo tana bakin mata a wajen daka da yara a dandali da 'yan kamasho a tasha. Ba ta bukatar lantarki ko lasisi ko jari. Hukuma na iya kama mawaƙi, amma ba ta da dabarar ƙwace waƙa daga bakin mutum dubu.

Kamun kuwa an yi shi. A lokacin kotunan alƙalai da 'yan doka da gidajen yari duk suna hannun En'e, En'e kuwa tana hannun sarakunan da ake yi wa waƙar. Laifin zagi ko ɓata sunan basarake ko yin taro ba da izni ba ya isa a yi wa mutum bulala a ɗaure shi. Tarihin Hajiya Gambo Sawaba ya nuna ta shiga gidan yari har sau 16 saboda siyasa. A Kano kuma daga 1953 aka sami 'Yan Mahaukata, masu dukan 'yan adawa a kan titi. Wanda ya rera baiti a irin wannan yanayi ya san abin da ya saya, masu sauraro ma sun sani. Wannan sani shi ne yake ba dariyar nauyi, kuma shi dattijon Salka yake nufi.

Sai dai bai kamata a mayar da zamanin na waliyyai ba. Birniwa (1987), wanda ya kwatanta waƙoƙin ɓangarorin biyu tun daga NEPU da NPC har zuwa PRP da NPN, ya nuna cewa kowane ɓangare yana da mawaƙansa da zambonsa. Mawaƙan NPC sun siffanta 'yan NEPU da marasa tarbiyya, 'yan iska, masu raina iyaye da addini. Na NEPU ma ba kullum suke tsayawa ga zalunci da haraji ba, sukan gangara ga asalin mutum da nakasarsa da iyalinsa. Duk wanda ya zauna ya karanta waƙoƙin da yawa zai yarda cewa masu kyau a cikinsu ba su kai marasa kyau yawa ba. Akwai kuma wani rauni da ke tattare da irin wannan waƙa: da yake takan ɗaure kanta da mutum ɗaya da rigima ɗaya, idan mutumin ya mutu rigimar ta wuce, sai dariyar ta bi su. A nan saurayin rumfar mai shayi yake da gaskiya. Na sha karanta wa ɗalibai baitin da ya taɓa girgiza gari, su zuba mini ido, sai na yi minti goma ina bayanin wane ne hakimin da me ya yi, kafin wani ya yi murmushin ladabi.

4.0 Wasan Talabijin a Gidan Gwamnati

Gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna ita ta buɗe Gidan Rediyo da Talabijin na Kaduna a 1962, wato jam'iyyar da ake yi wa waccan waƙa ita ta haifi akwatin. A 1977 gwamnatin soja ta tattara gidajen talabijin a ƙarƙashin NTA. Ko CTV ta Kano, wadda gwamnatin PRP ta Alhaji Abubakar Rimi ta kafa a farkon shekarun 1980, magada NEPU ne suka kafa ta, amma gidan gwamnati ce. Wasan talabijin yana bukatar kyamara da ɗakin ɗauka da injiniya da albashi, duk kuwa na hukuma ne. Ga shi kuma shekarun da wasan ya bunƙasa yawancinsu na mulkin soja ne, daga 1966 zuwa 1979, da kuma daga ƙarshen 1983 zuwa 1999. Dokar Soja ta 4 ta 1984 ta haramta yaɗa duk abin da zai jawo wa gwamnati ko jami'inta ba'a ko zubar da mutunci, kuma da ita aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian shekara guda. An soke ta a 1985, amma darasin ya zauna.

A cikin wannan keji aka yi Samanja Mazan Fama da Karambana da Gidan Kashe Ahu a Kaduna, da Karkuzu na Bodara a Jos, da Kuliya Manta Sabo a Kano. Mu da muka tashi a ƙarshen shekarun 1980 muna leƙen akwatin maƙwabta ta taga ba za mu iya yi musu hukunci da sanyin zuciya ba, ni kuma da nake Bakatsine ina da ƙarin dalili, domin Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a Nuwamban 2023, Banufe ne, abokin wasa. Duk da haka a dubi inda kibiyar take sauka. Samanja tsohon soja ne yake wasan soja, yana ruri a kan kurata, yana rawar jiki gaban hafsa, yana cakuɗa Hausa da Turancin bariki. Shekarun da janar-janar ke mulkin ƙasa, samanja ne abin dariya. Ba a hau sama da igiyarsa ba.

Kuliya Manta Sabo ya fi fito da abin fili. A waƙar NEPU alƙali shi ne abokin gaba, shi ne hannun da sarki yake dukan talaka da shi. A wasan kuwa alƙali shi ne mai hankalin da ke zaune a tsakiya, masu ƙara da waɗanda ake ƙara su ne maƙaryata da 'yan damfara da masu rigimar gado da aure. Sunan wasan kansa yabo ne ga kujerar. Mai kallo zai yi dariya ga maƙwabcinsa, ya tashi da natsuwar cewa kotu tana nan daram. Haka abin yake a sauran wasannin: ɗan kasuwa mai algus, da akawu mai cin hanci, da miji mai auri-saki, da baƙauyen da ya shigo birni. An koma sukar hali a maimakon sukar wane, an kuma sauko daga mai ba da umurni zuwa ga ɗan aikensa. Mai tsananin ra'ayi zai ce an bar jaki ana dukan taiki.

Ni ban kai can ba. Farar hula ya zauna a ɗakinsa ya yi wa kaki dariya a shekarun da soja kan sa mutum tsallen kwaɗo a bakin titi, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kuma da yake hali ake suka, wasannin ba su tsufa da mutuwar kowa ba, yaron da bai san sunan gwamnan soja ko ɗaya ba zai kalli Samanja yau ya yi dariya. Abin da nake cewa kawai shi ne, wannan wasan gauta ne aka sa wa lantarki. Sarki yana kallo, ya kuma san ba za a wuce gona da iri ba.

5.0 Bayan Sakin Mara

Daga 1990 finafinan bidiyo suka fara fitowa a Kano, a 1992 kuma aka kafa hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin ta ƙasa, aka ba 'yan kasuwa damar buɗe tashoshi. Kyamara ta fita daga hannun gwamnati, sai gwamnati ta biyo ta da almakashi: Jihar Kano ta kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001. A 2008 kotun tafi-da-gidanka ta ɗaure Rabilu Musa Ɗan Ibro wata biyu a kan fim ɗin Ibro Aloko. A takarda laifin na rajista da tacewa ne, amma jama'a da dama sun ɗauka cewa wata waƙa da ke cikin fim ɗin habaici ce ga gwamnan lokacin. Ko wanne ne gaskiya, ɗan wasan barkwanci ya kwana inda mawaƙan NEPU suka kwana.

Kwana Casa'in, wanda Arewa24 ta fara nunawa a 2019, shi ne ya ɗaga kibiyar zuwa sama. Ko da yake ba wasan barkwanci zalla ba ne, ya shigar da kyamara har ɗakin gwamna, ya nuna matarsa da 'yan korensa da yadda ake sayen ɗan jarida da ɗan daba da ƙuri'a, ga asibitin gwamnati ba magani. Sani Mu'azu ya fito da Bawa Maikada yadda mai kallo zai ƙi shi ya kuma kasa daina kallonsa. Amma gwamnan wace jiha ne? Ta Alfawa, wadda ba ta cikin taswira. Wannan tsohuwar dabara ce. Ibn Muƙaffa ya sa maganar sarakuna a bakin zaki da dila a Kalila wa Dimna, George Orwell ya sa ta a bakin aladu a 1945, littafin da Bala Abdullahi Funtuwa ya fassara da sunan Gandun Dabbobi a 1975. Alfawa habaici ce mai faɗin jiha guda. Tana kare masu shirin daga ƙarar ɓata suna, tana kuma ba tashar damar sayar da shiri ɗaya da talla ɗaya ga jihohin Arewa duka da Nijar. Ya kamata a tuna kuma cewa da tallafin Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka aka kafa tashar a 2014, saboda haka tambayar nan ta wa ya mallaki dandali ba ta ɓace ba, mai dandalin ne ya sauya.

Garkuwar ba ta hana mai kaza a aljihu motsi ba. A ƙarshen 2019 Hukumar Tace Finafinai ta Kano ta umurci a dakatar da Kwana Casa'in da Gidan Badamasi, tana kafa hujja da wata fitowa da ta ce ta saɓa wa al'ada, da kuma rashin kawo shirin a tace. Tashar ta ce ita a ƙarƙashin hukumar tarayya take, shirin kuma ya ci gaba. A kwatanta wannan da abin da ya faru a Nuwamban 2022, lokacin da wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu samari biyu bulala 20 kowanne, da tara, da sharar harabar kotu ta kwana 30, saboda wani ɗan gajeren wasa da suka sa a TikTok suka ambaci Gwamna Abdullahi Ganduje. Shiri mai tsawon zango-zango ya tsira saboda bai kama suna ba, wasan 'yan daƙiƙoƙi ya jawo bulala saboda ya kama. Idan ana neman magadan Gambo Hawaja na gaskiya, a wayar hannu za a same su, da kaifinsu da rashin ladabinsu da saurin tsufan abin da suke yi.

A wasu ƙasashe talabijin ya kama suna. Shirin Spitting Image na Ingila, daga 1984 zuwa 1996, da 'yar tsanar Margaret Thatcher da ta gidan sarauniya yake wasa, ba a ɗaure kowa ba. Basim Yusuf na Masar ya yi haka da Shugaba Mursi, amma a 2014 shirinsa ya tsaya, shi kuma ya bar ƙasar. Ashe akwatin ba shi ne mai tsoro ba, dokar ƙasa da halin masu mulkinta su ne ma'auni.

6.0 Abin da Aka Gani Daga Salka

Nazarin adabin Hausa yakan tsaya a Kano ko Zariya ko Sakkwato ya dubi duniya. Zama a ƙasar Kontagora ya nuna mini abubuwan da ban gani ba daga gida. Na farko, a rumfar mai shayin nan babu wanda ya ɗora Bawa Maikada a kan mutumin da Kanawa suke ɗora shi. Kowa da nasa, wani tsohon gwamna, wani shugaban ƙaramar hukuma, wani ma kansila. Hoto ya kai musu saƙon da waƙar NEPU ba za ta kai ba, domin habaicin waƙa yana bukatar Hausa mai zurfi da sanin gidajen sarautar wani gari, babbar riga da jerin motoci kuwa ba su bukatar tafinta.

Na biyu, ma'anar yabo da zambo takan juya gwargwadon inda mai sauraro yake tsaye. Ganɗoki na Bello Kagara, yayan Abubakar Imam, wanda aka buga a 1934, jarumi ne na Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse, wanda Turawa suka ci garinsa a 1901. A Katsina mun karanta shi a matsayin kirarin mazan jiya da suka tsaya wa Nasara. A ajin da rabinsa Kambari ne da Dukawa da Gwari, jikokin waɗanda mayaƙan Kontagora suka riƙa kai wa hari suna kamawa bayi, cika bakin Ganɗoki ba ya tayar da tsikar kowa. Na ga ɗalibai suna dariya a wuraren da marubucin bai nufi dariya ba.

Na uku shi ne wanda ya fi damuna, kuma a nan nake ganin ainihin laifin wasan barkwancin allo yake, tun daga na talabijin har na bidiyo. Hanya mafi arha ta sa Bahaushe dariya ita ce a karya masa harshensa. A bakin Samanja karyayyar Hausa harshen bariki ce, harshen mai bindiga, saboda haka wanda ya yi mata dariya sama ya yi wa. Amma da aka saba da dabarar sai ta gangaro kan Bagware da Bafulatanin daji da baƙauye, wato wanda ya musanya jinsin namiji da na mace, ko ya kasa furta ƙ da ɗ, shi ne wawan wasa tun kafin ya aikata komai. Za a ce ai wasan barkwanci tsakanin ƙabilu tsohuwar al'ada ce. Haka ne, amma wasan Bakatsine da Banufe ba-ni-in-ba-ka ne, kowa yana da bakin ramawa, a allo kuwa gefe ɗaya ne yake riƙe da kyamara. Waƙar NEPU, duk da muninta a wasu wurare, mai ƙarfi take nema. Wannan kuwa ya sami wanda ba shi da tasha, ba shi da marubuci, yana kuma zaune a rumfa yana kallo.

Washegarin gardamar, bayan na gama duba darasin wani ɗalibina ɗan garin, muna tafe zuwa tasha na tambaye shi wanne ya fi so tsakanin waƙoƙin da muka yi a aji da wasannin da yake kallo. Ya ce wasannin, ba tare da jinkiri ba. Muka ɗan taɓa tafiya, sai ya ƙara da cewa, "Sai dai Malam, in za su nuna gwamna ɓarawo, Hausarsa tas take fita. In za su nuna wawa, sai su ba shi irin tamu."